Yadda Ake Rubuta Labarin Ɗan Sakandare: Makaranta, Abota da Soyayyar Fari

Sababbin marubuta sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: sun fara labarin yaro ɗan sakandare, amma kafin a kai shafi na goma sai yaron ya rikiɗe, ko ya zama ɗan Alhaji mai mota yana ta kashe wa budurwa kuɗi, ko kuma yaron fim ɗin Amurka da aka ɗora wa hula. Dalili a fili yake. Yawancin littattafan soyayyarmu ta bakin mace ake ba da su, namijin kuwa ya riga ya gama jami'a har ya buɗe kamfani. Yaro ɗan shekara 16 mai wandon makaranta ɗaya da kuɗin tara, marubuci bai da samfurinsa da zai leƙa. Ga yadda ake gina shi daki-daki, a cikin garin Kano.

1. Tanadi kayan aiki

Waya ta isa, amma a sa mata allon rubutu na Hausa. Gboard yana da shi, kuma da shi ne za ka samu ɓ, ɗ da ƙ. Kada ka ce sai ka gama za ka bi ka sa ƙugiya: bin kalmomi dubu arba'in ɗaya bayan ɗaya ya fi rubuta su wahala, kuma "kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne. Sai manhajar rubutu, Google Docs ko WPS Office, da littafin rubutu guda mai kauri wanda ba za a rubuta labari a cikinsa ba, sai bayanan mutanen labarin da kwanan wata.

Gargaɗi: kada ka riƙa rubutu kai tsaye a cikin WhatsApp. Ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka ƙwace ta, littafin ya tafi. Duk babin da ka gama, tura wa kanka kwafinsa ta imel a daren.

2. Zaɓi makarantar kafin ka zaɓi sunan yaron

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ke yanke kusan komai. Iri huɗu ne a gabanka.

Makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo. Mafi yawansu a Kano maza daban ne, mata daban. Aji cike yake maƙil, na baya ba sa jin malam, wasu makarantun ma akwai 'yan safe da 'yan rana. Yaron yana kwana a gida, saboda haka uwa, uba, Islamiyya da majalisar unguwa duk suna cikin labarin kullum.

Makarantar kwana, irin kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda sai an ci jarrabawa ake shiga. A nan duniyar ta siniyoyi ce da ƙananan ɗalibai, layin abinci, kwanon sha, gari da sukari a akwati, da ranar ziyara. Abota takan yi ƙarfi sosai, soyayya kuwa sai an jira hutu.

Makarantar kuɗi. A nan ne kaɗai za ka iya zaunar da mace da namiji a aji ɗaya ba tare da mai karatu ya ɗaga gira ba. Kuma tana ba ka rikici a kyauta: ranar da ake korar waɗanda ba su biya kuɗin zango ba, a gaban kowa.

Sai makarantun Arabiyya da na haddar Alƙur'ani, masu zana jarrabawar NBAIS, hukumar karatun Arabiyya da addinin Musulunci ta ƙasa, waɗanda kusan ba wanda ya taɓa su a labari.

Zaɓi ɗaya, sannan ka zana taswirarta a littafinka: ƙofa, wurin asembli, inda masu awara da gurasa ke zama, ɓarauniyar hanyar da ake haura katanga, bishiyar da 'yan ajin ƙarshe suka mallake.

Gargaɗi: idan a labarinka akwai malami mai sayar da amsa ko shugaban makaranta mai cin kuɗin jarrabawa, kada ka sa sunan makarantar gaske. Ƙirƙiri taka, ka ajiye ta a unguwa ta gaske, Kurna ko Ɗorayi ko Sheka. Sunan unguwa ba ya kai mutum kotu.

3. Shimfiɗa kalandar shekara ɗaya

Sabon marubuci yakan so ya ɗauko yaro tun aji ɗaya ya kai shi aji shida. Kada ka yi. Shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ta karatu ta ishe ka, kuma mafi daɗin sarrafawa ita ce daga tsakiyar aji biyar zuwa ƙarshen aji shida, domin jarrabawoyi da kansu za su riƙa tura labarin gaba. A aji biyar ɗalibin makarantar gwamnati a Kano yake zana kwalifayin, wadda idan ya ci gwamnati ke biya masa kuɗin jarrabawar fita, idan ya faɗi kuwa nauyin ya koma wuyan uba. Ka ga babi guda cur ke nan: yaro ya duba allo bai ga sunansa ba, ga shi uban ya riga ya gaya wa maƙwabta cewa ɗansa ba ya faɗuwa. A aji shida kuma ga JAMB wadda ake yi a kwamfuta, darasi huɗu, maki 400. Ga WAEC wajen Mayu da Yuni. Ga NECO a bayanta. Abin da kowa ke nema shi ne kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma C6 ita ce ƙaramar kiredit. Yaron da ya samu D7 a Lissafi ya san ma'anar a ga samu a ga rashi.

Ja layi uku a shafi: na farko zangon karatu uku daga Satumba zuwa Yuli, na biyu yanayi, na uku watannin Musulunci. Hunturu a Disamba da Janairu, lokacin da ƙafa ke faso kuma wankan asuba ke zama yaƙi. Zafin bazara daga Maris zuwa Mayu. Marka a Agusta.

Gargaɗi: azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka sai ka tsayar da shekarar labarin kafin ka sa shi. A 2019 azumi ya faɗo a Mayu, ana tsakiyar jarrabawa. A 2024 kuwa a Maris ya kama. Haka abin hawa: tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano. Idan labarinka na bayan nan ne, yaronka a adaidaita sahu yake, ko a keke, ko a ƙasa.

4. Gina yaron daga aljihunsa

Kafin kyan fuska da tsayi, amsa waɗannan a littafinka. Nawa ake ba shi kullum, kuma wa ke bayarwa? Idan ya hau mota zuwa makaranta, kuɗin tara zai rage? Me yake yi bayan an tashi: jiran shago a Kantin Kwari, koyon gyaran waya a Farm Centre, garejin kanikanci, ko ɗinki? Na nawa ne a ɗakinsu? A ina yake kwana, ɗakin zaure da yayyensa ko falon Umma? Wayar da yake taɓawa tasa ce ko ta aro?

Daga nan sai abubuwa biyu waɗanda su ne injin labarin: abin da yake so a fili, da abin da yake ɓoyewa. A fili yana so ya ci JAMB ya karanci likitanci domin haka Abba ya ce. A ɓoye kuwa ya san Kimiyyar Sinadarai ba ta shiga kansa, zane yake iyawa. Ko kuma karatun Turanci a bayyane ne ke ba shi tsoro har yakan fita fitsari duk lokacin da layi ya kusa zuwa kansa. Ƙaramin sirri irin wannan ya fi ciwon daji da gadon miliyoyi amfani, domin kowane mai karatu ya taɓa riƙe irinsa.

Kuskuren da aka fi yi: yaro waliyyi, na ɗaya a aji, mahaddaci, ga ladabi, kowa na zaluntarsa. Ba mai iya bin irin wannan har shafi 150. Bar shi ya yi ƙarya, ya riƙe canjin cefane, ya yi wa ƙaninsa mugunta saboda haushin da ya kwaso a waje.

5. Abokai: uku sun isa

Aboki na ƙut da ƙut tun firamare, sabon aboki mai jan sa wata hanya, da abokin hamayya. Kowanne a ba shi bukatarsa ta kansa. Abokin da aikinsa kawai ba jarumi shawara ba mutum ba ne, madubi ne.

Samari ba sa zama su ce "abokina ina ƙaunarka". Abotarsu a aikace take: raba gurasa ɗaya, aron takalmi ranar Sallah, amsa sunan wanda bai zo ba, shan bulala a madadin wani ba tare da an tona shi ba, biya wa juna kuɗin gidan kallon ƙwallo, tafiya filin wasa na Sani Abacha ranar da Kano Pillars ke gida. Tsokana ita ce harshen soyayyarsu. Saboda haka idan abota za ta ɓaci, alamar farko ita ce tsokana ta tsaya, gaisuwa ta koma ta mutunci. "Ya ne, mutumina?" ya koma "Sannu, Nura." Mai karatu zai ji sanyin a jikinsa ba sai ka yi bayani ba.

Abin da ke raba su ya zama daidai da girmansu: bashin da ba a biya ba, an zaɓi ɗaya firfet an bar ɗaya, ɗaya ya ƙi miƙa amsa a ɗakin jarrabawa, ko sirri ya fita a majalisa.

Gargaɗi: daba, ƙwacen waya da shaye-shaye gaskiya ne a gari, kuma suna iya shiga labarin ta hannun sabon abokin. Sai dai a nuna yadda ake zamewa a hankali, daga rakiya zuwa "riƙe min wannan", ba a wayi gari yaro ya zama shugaban daba ba. Kada kuma a rubuta sunayen ƙwayoyi da yadda ake haɗa su. 'Yan shekara 14 za su karanta.

6. Soyayya: a ina za su haɗu?

Nan ne aikin yake. Idan ka zaɓi makarantar gwamnati, yarinyar ba ta ajinsu, ba ta ma makarantarsu. Sai ka nemo mahaɗa wadda Bakano zai yarda da ita. Ga waɗanda ke aiki: Islamiyyar yamma ko ta dare, inda aji ɗaya ne amma kowa da ɓangarensa, darasin share fagen JAMB, ƙanwar aboki, wadda ke zuwa da matsalarta tun daga tushe, 'yar maƙwabta da ake aiko ta karɓar garwashi ko kai kwanon abinci, muhawara ko kacici-kacici tsakanin makarantu, yawon Sallah, ranar Hawan Daushe ko a Gidan Zoo, bikin dangi.

Sannan ka tuna matsayin yaron. Ɗan aji biyar ba ya iya sallama a ƙofar gida a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ba shi da kuɗin zance, ba shi da abin da zai ce wa uban yarinya idan aka ce ya turo magabatansa. Mafi zafi, yarinyar da suke sa'anni a shekaru, a idon gari ta isa aure, shi kuwa yaro ne. Abokin takararsa ba wani ɗan aji ba ne, magidanci ne mai shago a kasuwa wanda ke zuwa da mota bayan Isha'i. Wannan shi ne ainihin ciwon soyayyar ɗan sakandare a Kano, kuma marubucin da ya gane shi ba ya bukatar ƙirƙiro muguwar kishiyar uwa.

A tafi da ita mataki-mataki, kada a yi gaggawa. Kallo da sunkuyar da kai. Sanin suna ta bakin wani. Dalilin magana na ƙarya, kamar aron littafin Nahawu. Saƙo ta hannun ƙaramin yaro da aka saya da alewa. Lambar waya, wadda sau da yawa ta Ummanta ce, don haka akwai lokacin kira da lokacin da kira ke zama bala'i. Ga misalin yadda ƙaramin abu ke ɗaukar nauyi: ta dawo masa da littafin, ya buɗe a bayan masallaci yana neman wasiƙa, bai samu komai ba sai ya ga ta bi duk inda ya yi kuskuren wasali ta gyara da jan biro. Ya kwana yana tunanin ko so ne ko raini. Wannan shafi ɗaya ya fi shafi goma na "ke ce hasken idanuna".

Ita ma a ba ta rayuwa: tana da jarrabawarta, tana da tallan da take yi ko aikin gidan da ke jiranta, tana da ra'ayi a kan mai motar nan wanda ba lallai ya zama ƙiyayya ba.

Gargaɗi mai girma: waɗannan yara ne. Babu batsa, babu siffanta jiki, babu keɓewa a ɗaki, ko da masu karatu a guruf ɗin WhatsApp sun yi ta roƙo. Bayan haramcin abin, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, hurumin aikinta ya haɗa da littattafai. Kuma ta fuskar fasaha ma, kunya ita ce ke riƙe da zaren. Ranar da ka cire ta, labarin ya saki.

7. Raba shi babi-babi

Littafi matsakaici kalmomi 40,000 ne. Raba su babi 25, kowanne kimanin kalmomi 1,600, wanda shi ne daidai abin da mutum ke karantawa a waya a zama ɗaya. Babi 5 na farko: gida, makaranta, abokai, ganin yarinyar. Daga 6 zuwa 18: abubuwa na cakuɗewa, kuma kowane zare ya riƙa taka ɗan'uwansa. Kuɗin rajistar jarrabawa ya taɓa don saya mata kyautar Sallah. Abokin da ya rufa masa asiri shi aka kama. Daga 19 zuwa 22: asiri ya tonu a gida. Uku na ƙarshe: sakamako.

Rubuta layi ɗaya a kan kowane babi kafin ka fara. Duk babin da ba ka iya cewa "a nan abu kaza ya canja" ba, cire shi.

Kada ka rufe da aure. Ɗan shekara 18 da ya gama NECO jiya ba ya aure sai a mafarki. Kuma idan ka ce "bayan shekara goma" don ka ɗaura, ka gudu ne daga labarin da ka ɗauko.

8. Sa musu magana a baki

Yaro ɗaya, baki huɗu. Da Abba: gajerun amsoshi, kai a ƙasa, "To, Abba." Da Umma: shagwaɓa da ƙorafi, kuma idan shi ne ɗan fari, wataƙila ba ta kiran sunansa saboda alkunya, sai "kai" ko "wannan yaron". Da malamai: "Malam", mace kuma "Malama" ko "Anti". Da abokai: yanke, habaici, laƙabi. Babban wa "Yaya" ne ko da shekara biyu ya ba shi.

Sara ta samari tana tsufa da wuri. Ɗauki kaɗan, ka saurare ta da kunnenka a wurin mai shayi ko a adaidaita lokacin tashin makaranta, kada ka ɗauko ta zamaninka ka liƙa wa yaran yau. Turanci kuma a bar shi inda yake faɗowa da gaske, a aji da sunayen darussa, ba jimla-jimla a tsakar gida ba.

Gargaɗi: wa'azin marubuci. Idan uba zai yi faɗa, layi huɗu ya isa. Shirun da ya yi ya tashi ya bar tuwonsa ya fi huɗuba.

9. Gyara

Ajiye rubutun mako biyu, sannan ka karanta shi da murya. Bi na farko don labari, bi na biyu don kwanan wata da sunaye, bi na uku don ƙa'idar rubutu: a haɗe "ya na" ya zama "yana", "su ka" ya zama "suka", a duba ɗafa-ƙeya (harufan da ake liƙa wa ƙarshen kalma) da ƙugiya. Daga nan ba mutum uku: ɗan sakandare na yanzu, malamin makaranta, da uwa mai samari. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Tambaye su a ina suka ce "kai, ba a haka". Taron karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano ma wuri ne da ake samun masu faɗin gaskiya.

10. Fitarwa da lissafin kuɗi

Ta intanet kuɗin da za ka kashe na data ne da na mai zana bango. Kada ka fara sakin babi sai kana da aƙalla goma a ajiye, domin rashin lafiyar mako ɗaya na iya watsa masu karatu. Masu sayarwa a WhatsApp sukan saki babi na farko-farko kyauta, sauran a guruf ɗin waɗanda suka biya. Sa sunanka a kai da ƙarshen kowane babi, don kusan tabbas ne wani zai fitar da shi. Wattpad, manhajar saka labarai da karanta su, kyauta ne, amfaninsa tara masu karatu.

Na takarda kuwa, yi lissafinka kafin ka shiga maɗaba'a. A kan kalmomi 250 a shafi, 40,000 za su ba ka shafi 160. Fallen A4 guda idan an ninke yana ɗaukar shafi 4, wato falle 40 kowane littafi. Kwafi 500 falle 20,000 ke nan, rim 40 mai falle 500, sai a ƙara kaɗan don wanda zai lalace a inji. A kan wannan za a ɗora kuɗin tsara shafuka, bugu, bango mai launi da ledarsa, ɗauri da yanka. Farashin takarda ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka karɓi farashi a rubuce daga maɗaba'a uku a mako guda, kowanne abu da kuɗinsa daban, ba jimla ba. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta. Littafi mai shafi 160 ya fi ƙarfin ƙusar tsakiya, da gam ake ɗaure shi.

Gargaɗi: kada ka biya kuɗi duka a farko, kuma kada ka yarda a kunna inji sai an fitar maka da kwafin gwaji ka duba shafi-shafi. Idan kwamfutar maɗaba'ar ba ta da irin harafin da ka yi amfani da shi, duk ƙ da ɗ da ɓ za su fito akwati-akwati, kuma da zarar an buga 500 ba mai mayar maka da takardarka.